Hannun da Ba Ya Jin Wuta

Salama gare ku 'yan uwana masu bin labarina. Na ga saƙonninku, masu cewa "Juwairiyya, shiru haka?" da masu yi min addu'a, har da wadda ta ce ko an ɗaura auren ne na manta da ku. Ba a ɗaura ba, 'yar uwa. Yatsuna ne suka ƙi. Wannan ɗin ma da gaɓar yatsa nake dannawa, in kun ga kuskure ku yi min uzuri.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa: haifaffiyar Agege ce ni, a nan Legas, a gidan da kakana ya gina bayan ya bar soja, nan kusa da layin dogo. Ɗinki nake yi, hijabai da dogayen riguna. Bara aka gano ina da ciwon dajin mama, aka yi aiki aka cire na hagu. Yanzu ina karɓar kemo, maganin da ake ɗura min ta jijiya duk mako a wani asibiti a Ikeja. Sai kuma Mahbub, ɗan Funtuwa mai sayar da tattasai da attaruhu a kasuwar Mile 12, wanda ya ji komai, ya ga kaina ba gashi, ya ce yana nan daram. An taɓa ɗaga bikinmu saboda aikin da aka yi min. Daga baya iyaye suka sake sa rana, bayan Babbar Sallah, da tunanin kafin nan na gama kemo.

Da aka canza min magani zuwa kashi na biyu murna na yi, don na farkon amai ya dinga sa ni kamar zan fitar da hanjina. Wannan bai sa ni amai ba. Ta ƙafa ya biyo min. Da farko kamar kiyashi na yawo a tafin ƙafata, in duba ban ga komai ba. Daga nan sai na koma jin kamar a kan soso nake tafiya. Wata rana ina dawowa daga sayen zare, wata mai sayar da gasasshiyar masara ta ƙwala min kira da Yarbanci, "Anti, bata yin!" Wai takalmina. Na waiwaya, sai ga silifas ɗina ɗaya can baya a tsakiyar titi, 'yan acaɓa, okada ke nan, na kauce masa. Na yi tafiya mai nisa da ƙafa ɗaya a ƙasa, cikin tsakuwa da ruwan kwata, ban sani ba.

Sai ya hau hannu. Ina ɗinka wa wata mata farin hijabi na ga ɗigon ja yana bin kalmasa. Na ɗaga, ashe allura ce ta shige min yatsa, jini na zuba, ni kuma ina ta aikina. Ranar na rufe shago da wuri.

Na tarar da Mama a kicin tana yanka kuɓewa. Na jingina da ƙofa na ce, "Mama, hannuna ya mutu."

"Kul! Wace irin magana ce wannan da bakinki?"

"Wallahi Mama ba na jin komai. Da ƙafar duka. In dare ya yi kuma kamar an zuba min garwashi a ciki. Nas tana tambayarmu duk mako, ta ce duk wadda ta ji haka ta faɗa."

"In kin faɗa su yi miki me?"

"Akwai wata da muke zama kusa da juna, ta faɗa, sai suka dakatar mata na ɗan lokaci, suka rage mata ƙarfinsa."

Mama ta ajiye wuƙar. Ta ce, "Kin san abin da uwar yaron nan ta ce ranar da aka sake sa rana. Ɗagi ɗaya ta yarda da shi, ba za ta yi na biyu ba. In suka dakatar miki, Sallah za ta zo ta wuce kina asibiti. Ki daure, 'yar nan. Saura kaɗan. Ki yi shiru a gama, in an yi biki sai a nemi maganin hannu."

Don Allah kar ku zagi Mama a ƙasan rubutun nan. Matar nan ta ga an yanke ni, ta share gashina daga kan matashi da hannunta tana ɓoye min. Bikin nan shi kaɗai ya rage mata da take kallo ta ji sanyi. Ni ma kuma, in faɗa muku gaskiya, abin da nake son ji ke nan. Don haka duk ranar kemo in nas ta tsaya a kaina ta ce, "Any numbness, my dear?" wato ko akwai inda ba na ji, sai in yi murmushi in ce, "No ma."

Mahbub ne ya fara lura da wani abu, amma bai gane ba. Ya turo min:

"Gimbiyar Agege, an tashi lafiya? Motar kaya ta iso daga Arewa, tun asuba ban zauna ba. Kin sha magani?"

Na ce, "Na sha."

"Kwana biyu amsarki a gajarce take zuwa. Ko na yi laifi ne?"

Ta yaya zan ce masa duk harafin da na danna kamar na taɓa ƙaya ne ta cikin bargo? Sai na tura masa murya ina dariya, na ce aiki ne ya yi min yawa. Ya dawo da tasa muryar, hayaniyar kasuwa a bayansa, wani na ihun a matsa a ba shi hanya.

"To albishirinki. Inna za ta zo Legas ranar Juma'a. Ta ce tana son ta ga surukarta da idonta kafin biki."



Ranar Asabar suka ce za su zo. Tun safe Mama take kan ƙafa, tuwon shinkafa miyar taushe, farfesun kayan ciki, zoɓo mai abarba. An turare ɗakin Mama har hayaƙi na fita ta taga, an shimfiɗa sabuwar darduma. Na ciro leshina ruwan hoda, wanda na ɗinka tun hannuna na nawa. Zif ɗin ya gagare ni. Ɗan kunne na ɗauka ya faɗi, na sake ɗauka ya sake faɗuwa, don ba na jin yana tsakanin yatsuna sai na kalla. Mama ta shigo ta same ni a tsugune ina laluben sa a ƙasan gado. Ita ta ja min zif, ta sa min ɗan kunnen, ta zana min gira da jagira tunda tawa ta zube, ta cusa tsumma mai laushi a cikin hula ta ɗora ɗankwali a kai yadda za a zaci gashi ne. Ta ja baya ta kalle ni ta ce, "Tubarkalla."

Bayan azahar suka iso. Mahbub ya tsaya a falon waje wajen Baba, Inna ta shigo ciki. Doguwa ce siririya, da haƙorin Makka, mayafi ruwan toka, carbi a naɗe a wuyan hannu. Na durƙusa har ƙasa.

"Sannunku da zuwa, Inna. Kun zo lafiya? Ya gajiyar hanya?"

"Lafiya lau. Taso, taso 'yata. Ya ƙarfin jikin?"

"Da sauƙi, Alhamdu lillahi."

Ta kamo haɓata ta ɗaga fuskata tana kallo, ta ce da Mama, "Ai Hajiya, yarinyar ta yi kyau abinta. Yadda ake faɗa na zaci zan tarar da ita a kwance." Wallahi a lokacin har na ji ina sonta. Mama ta washe baki, ta yi min ido in je in kawo abinci.

Na kawo tuwo, na kawo miya. Saura farfesu. Mama ta juye shi a kwanon ƙarfe mai murfi ta ɗora a kan risho don kar ya huce, ta rage wutar ƙasa-ƙasa. Ni ban lura da wutar ba. Na sa hannu biyu na ɗauko, na ratso tsakar gida da shi a nitse, na yi sallama, na durƙusa na ajiye a gaban Inna.

Ta miƙa hannu za ta buɗe murfin. Ko taɓawa ba ta gama ba ta fizge hannunta.

"Wash! Subhanallahi! Wannan ai wuta ce!"

Sai ta tsaya. Ta kalli kwanon, ta kalle ni. A hankali ta ce, "Da me kika ɗauko shi?"

Na ce, "Da hannu, Inna."

"Mu ga hannunki."

Na kalli Mama. Mama ta sunkuyar da kai. Na miƙa. Ni kaina sai a lokacin na gani: tafin hannuna ya yi jawur, fatar yatsuna ta fara tashi fari-fari. Ga kuma tsofaffin tabo, na allura, na dutsen guga, na wuƙa, duk waɗanda nake ɓoyewa a cikin hijabi.

"Ba ki ji ba?"

"Ban ji ba, Inna."

Ta saki hannuna. Abin da ta yi bayan nan shi ne ba zan manta ba har in koma ga Allah: ta goge yatsunta a gefen mayafinta, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, ta ɗan ja jikinta baya a kan dardumar.

"Hajiya," ta ce da Mama, "ni daji aka ce min. Na ce Allah ne ke saukar da cuta, na karɓa. Amma a garinmu mun san ciwon da ke sa mutum ya riƙe wuta bai ji ba."

"A'uzu billahi! Hajiya, me kike nufi?"

"Ba a ce min da kuturta ba."

Kalmar ta fita har tsakar gida. Na ji matar ɗan hayarmu da ke wanki a bakin famfo ta daina dirza. Mama ta miƙe tsaye tana rantsuwa, tana cewa magani ne, maganin asibiti ne, kaf zuri'armu ba mai wannan ciwon. Inna ta ce in magani ne me ya sa aka ɓoye? Ko ruwan gidanmu Inna ba ta sha ba. Ta yafa mayafinta ta fita tana kiran, "Kai, yaron nan, taso mu tafi."

Ni kuwa ina durƙushe inda ta bar ni, hannuwana a buɗe a kan cinya, ina jiran zafin ƙunar ya zo. Da ya zo da na samu abin yi wa kuka.

Bayan la'asar Mahbub ya dawo shi kaɗai, ya kai Inna gidan ƙaninta a Ketu. Na fito na same shi a kan bencin ƙofar gida, hularsa a gwiwa. Mama ta naɗe min hannuwan da bandeji. Ya kalle su ya kau da kai.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Juwairiyya, ni ne fa. Ni da kika kira daga bakin ɗakin tiyata. Wannan ne za ki ɓoye min?"

"Tsoro na ji kar a sake ɗagawa."

"Sai ki ba da hannunki saboda rana?" Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Jirgin ƙasa ya zo wucewa, muka jira har ya gama ƙararsa. Sannan ya ce, "Jibi zan bar wa abokina rumfa. Tare za mu je wajen likita, kuma komai za ki faɗa mata."

Haka aka yi. Ni da Mama da shi, a danfo, motar haya, har Ikeja. Likitar tawa Bayerabiya ce mai sanyin magana. Ta kwance bandejin ta duba, ta ba ni maɓalli ta ce in ɓalla, na kasa. Ta buga wani ƙarfe mai rawa ta ɗora min a babban yatsan ƙafa ta ce in faɗa mata in na ji. Ina ta jira ta ɗora, ashe ta daɗe da ɗorawa. Ta cire tabaranta ta ajiye.

Ta ce maganin da ke kashe dajin shi ne yake taɓa ƙananan jijiyoyin yatsu, abu ne sananne, shi ya sa suke tambaya duk mako. Ta ce da na faɗa tun yana kiyashi da an tare shi da wuri. Mama ta fashe da kuka ta ce, "Dokta, ni na hana ta." Likitar ta dafa ta kawai ta ce, "Pele, Mama." Wai sannu.

Na ce, "Zai dawo?"

Ba ta yi min ƙarya ba. Ta ce wasu yana dawo musu bayan watanni, wasu rabi, wasu kuma yana zama. Abin da za a yi yanzu shi ne a hana shi ƙaruwa. Za ta dakatar da kemo har ƙunar ta warke, in an dawo kuma za ta rage ƙarfinsa. Ta rubuta min maganin raɗaɗin jijiya, ta ce in dinga tattaki kullum ko ba na so, in dinga motsa yatsu, in daina taɓa ruwa ko tukunya sai wani ya gwada min. Sannan ta ce akwai wata dabara: a sa hannu da ƙafa cikin sanyi lokacin da maganin ke shiga, don sanyi na tsuke hanyoyin jini, maganin ba ya isa yatsu da yawa. Ba alkawari ba ne, in ji ta, amma yana taimakon wasu. Su ba su da safar sanyin da ake yi don haka, sai dai mu zo da ƙanƙararmu a kula.

"Ni zan kawo," Mahbub ya yi caraf ya ce. "Masu kifi na nan kusa da mu, ƙanƙara ba ta yanke musu. Duk mako ni zan kawo."

Sai ya yi ƙasa da murya ya tambaye ta ko za a gama kafin Sallah. Ta girgiza kai. Ya ciro waya ya roƙe ta ta faɗa da bakinta cewa ba kuturta ba ce, ya ɗauki muryarta ya kai wa mahaifiyarsa. Ta yi mamaki, amma ta faɗa, dalla-dalla.

Washegari na tambaye shi yadda suka yi.

"Ta saurara."

"Sai ta ce me?"

Ya daɗe yana rubutu yana gogewa, ina ganin alamar. Can ya turo: "Ta ce ita ba ta jin Turanci, kuma mai fassarar ɗanta ne da so ya rufe wa ido. Ki bar ni da ita, zan shawo kanta."

Daga nan saƙonninsa suka fara gajarcewa, kamar yadda nawa suka yi a baya. "Ya jiki?" "Allah ƙara sauƙi." Ba Gimbiyar Agege, ba muryar kasuwa. Ni kuma ina ta abin da likita ta ce. Da yamma Mama ta riƙe min hannu mu bi gefen layin dogo, ina kallon ƙafafuna don in san inda suke. In mun dawo in zauna ina murza kwalba a ƙarƙashin tafin ƙafa, ina matsa ƙwallon roba. Maganin raɗaɗin yana sa ni jiri, amma garwashin ya ɗan lafa. Keken ɗinkina na can shago an lulluɓe shi da zani. 'Yan layinmu kuma, waɗanda da suke aiko yara karɓar ɗinki, yanzu daga nesa suke ɗaga min hannu. Maganar Inna ta riga ta fita daga gidanmu.

Ana gobe zan koma kemo na tura masa: "Gobe ne fa. Kar ka manta da ƙanƙara."

Ya ce, "In sha Allah."

Da safe na shirya, na sa doguwar riga mara zif, na zauna a bencin ƙofar gida. Duk okadan da ya shawo kwana sai na ɗaga kai. Rana ta fara zafi. Na kira, ta yi ta ringin ba a ɗauka ba. Na sake kira. Mama na tsaye a bayana da jakarta. Can sai ta juya ciki, ta fito da tsohuwar kular da muke zuba zoɓo da azumi, ta nufi gidan matar da ke sayar da ƙanƙara a bayan masallaci. Da ta dawo a ka ta ɗoro ta. Mama da ciwon gwiwa, Mama da ko bokiti an hana ta ɗauka. Na ce ta kawo in kama mata.

"Da wane hannun?" ta ce. "Wuce mu tafi."

A asibiti nas ta sa min safar hannu ta roba da safar ƙafa, ta ce tunda ba na ji sosai dole a dinga dubawa kar sanyin ma ya ƙone ni. Aka farfasa ƙanƙarar aka ƙulla a leda, aka zuba a robobi, biyu a gefena, ɗaya a ƙasa. Na tura hannuwana da ƙafafuna. Yatsun ba su ji komai ba, amma daga wuyan hannu zuwa sama sanyin ya kama ni kamar ana sara min ƙashi. Haƙorana suka fara haɗuwa. Nas ta rataya ledar maganin ta ce, "No remove am o, until I tell you." Wai kar in cire sai ta ce. Mama ta cire mayafinta ta lulluɓa min a kafaɗa.

Maganin ya fara sauka ke nan wayata ta yi haske a kan cinyata. Sunansa. Na sunkuya na karanta iya abin da ya fito a saman gilashin:

"Juwairiyya, muna tashar motar Ojota ni da Inna. Don Allah ina so ki fahimce ni, na yi iya..."

Hasken ya ɗauke.

Na yunƙura zan zaro hannuna, Mama ta danne min kafaɗa.

"Mama, buɗe min. Don Allah buɗe ki karanta min."

Ta ɗauka. Ta san lambobin, ita take buɗe min tun da yatsuna suka ƙi. Ta nisanta wayar da idonta kamar yadda take yi in ba ta zo da tabarau ba, leɓenta na motsi. Ta ja ƙasa da yatsa. Ta sake ja. Saƙon dogo ne. Ina kallon fuskarta, ina neman ko da alama ɗaya, amma Mama ta hana fuskarta motsi. Da ta gama ta kashe wayar gaba ɗaya, ta jefa a jakarta, ta ja zif.

"Mama, rakiya ya yi ko tafiya?"

Ba ta kalle ni ba. Ta dafa kujera ta durƙusa a kan gwiwar nan tata mai ciwo, a gaban duk matan ɗakin, ta kama ƙafata ta dama da ta zame daga cikin robar ban sani ba. Ta mayar da ita, ta tattaro ƙanƙarar da hannunta tana jera min a kan yatsu.

"Mama..."

"Ki bar su a ciki, Juwairiyya," ta ce, kanta a ƙasa. "Maganin bai ƙare ba."